Tarihin da ke kwance a bakin tsofaffi: Me Birnin Kebbi da Argungu ke shirin rasawa?

Duk wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu zai tarar da takubba da masu da kwari da baka, da tambura, da kayan su irin na Kabawa. Ginin tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, wadda aka bari a 1942, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Sai dai takobi ba ya faɗin wanda ya ƙera shi, koma ba ta faɗin tafkin da aka jefa ta. Wannan sani yana kan tsofaffin maƙera da masunta da manoman fadama da matan da suka yi surfen shinkafa tun kafin zuwan inji, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani yanki nasa.

Abin da aka riga aka rubuta

Tarihin sarautar yankin ba ya cikin haɗarin ɓacewa. An san Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songai, ya gina Surame da ganuwar duwatsu. An san hedikwatar ta koma Birnin Kebbi a wajen 1700, kuma mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo sun ci birnin a 1805. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tare a Argungu, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar tawaye a 1849, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. A 1906, bayan rikicin Satiru, Turawa suka naɗa Haliru Abdu a Gwandu, Birnin Kebbi ya zama mazaunin masarautar.

Hannu uku ne suka rubuta mafi yawan wannan labari. Na farko shugabannin jihadi ne, irin su Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri da Abdullahi a Tazyinul Waraƙati, kuma su ne ɓangaren da ya yi nasara a 1805. Na biyu jami'an mulkin mallaka ne, irin su E. J. Arnett da P. G. Harris, waɗanda suka tattara bayanan Lardin Sakkwato domin sanin wa za a naɗa, nawa za a karɓa na haraji. Na uku malaman jami'a ne, irin su M. B. Alƙali da ya yi nazarin Kabi ta ƙarni na 19 da S. A. Balogun da ya yi na Gwandu. Dukkansu sun bar aiki mai daraja, amma idonsu ya fi karkata ga fada da fagen fama. Talaka yakan bayyana ne a matsayin adadi, a rajistar haraji ko a lissafin mayaƙa.

Abin da ba a rubuta ba

Bikin kamun kifi na Argungu misali ne mai kyau. Kowa ya san an kafa shi a sigarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin gidajen biyu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. To amma ƙa'idojin da Sarkin Ruwa da Homa ke bi kafin a shiga Matan Fada, da yadda ake hana su a wani ruwa har kifi ya girma, da sunayen tafkuna da gidajen da ke da haƙƙi a kansu, galibi a ka ake riƙe da su, ɗa ya gada daga uba. Bikin ya tsaya cik daga 2009 zuwa 2020. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsaiko ya kai shekara goma bai ga yadda ake yi ba.

Sunayen wurare ma kundi ne. Tungar Zazzagawa tana faɗin inda mutanenta suka fito. Maƙerar Gandu a Birnin Kebbi tana faɗin sana'ar da ta kafa shiyyar. Alwasa a yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Argungu, amma a nan ne aka yi wa mayaƙan jihadi mummunar ɓarna a 1805. Suna kan wanzu bayan labarinsa ya mutu, sai jikoki su riƙa faɗinsa ba tare da sanin dalili ba.

Me ya haɗa wannan da siyasar yau?

Abu na farko ƙasa ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, amma mafi yawan gonakin fadama ba su da takardar mallaka. Idan rikicin iyaka ya tashi tsakanin ƙauyuka biyu, ko tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali, shaidar dattijo ce ake nema a gaban hakimi ko alƙali. In dattijon ya rasu ba a ɗauki bayaninsa ba, mai kuɗi da mai hanya a ofis ne ke cin riba. Darajar fadamar kuwa ta ƙaru tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015.

Abu na biyu ruwa ne. Madatsar Bakalori da aka kammala a 1978, da ta Goronyo da ta biyo baya, sun sauya yadda ambaliya ke saukowa kwarin Rima. Waɗanda suka yi noma da su kafin wannan lokaci sun san inda ruwa ke kwanciya, da watan da yake janyewa, da irin shinkafar da ke jure nutsewa. Lokacin da ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar, irin wannan sani ya fi ƙarfin a kira shi hirar tsofaffi, domin shi ne taswirar da za ta nuna inda bai kamata a gina gida ba.

Abu na uku shi ne asali. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ce ke buɗe ƙofar gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma tana dogara ne a kan wanda mai unguwa da hakimi suka yarda kakansa ɗan gari ne. Haka ma neman sabuwar gunduma ko sarauta, kowane ɓangare da tarihinsa yake zuwa. Inda babu ajiyayyen bayani da kowa zai iya dubawa, tarihi kan zama abin da mai mulki ya ce. Iyakokin siyasa ma sun raba gadon: tun da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, kufan Surame ya faɗa cikin Jihar Sakkwato.

Yadda Ingila ta yi da ƙauyukanta

Abin lura shi ne, ƙasar da jami'anta suka taƙaita tarihin Kabi a kan sarakuna ta yi wa ƙauyukanta wani abu dabam. Tun 1538 aka wajabta wa kowace majami'a rubuta baftisma da aure da binnewa. A 1899 aka fara aikin Victoria County History, wanda ke bin gundumomi gari bayan gari, kuma har yau ba a gama ba. A 1956 George Ewart Evans ya fitar da littafin da ya gina a kan hirarsa da tsofaffin ma'aikatan gona na ƙauyen Blaxhall, aikin da ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin tubalan tarihin baka a ƙasar. A 1965 ƙungiyoyin matan karkara suka haɗa kundin rayuwar ƙauyukansu da hannunsu. Wani ɓangare na wannan aiki na sa kai ne, daga cikin gudummawar hukuma kuma akwai ɗakin ajiya a kowace gunduma, inda kowa zai je ya karanta.

Inda gizo ke saƙa

A nan gida, takardun lardi suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wasu a Gidan Arewa, wasu a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗalibin Gulma ko Ambursa sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga abin da aka rubuta a kan garinsu, da Turanci ko Larabci. An kuma cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi.

Tarihin baka ma yana da nasa rauni. Mai ba da labari yakan fifita gidansu, shekaru kan cakuɗe, maroƙi ba ya faɗin ranar da ubangidansa ya gudu. Maganin haka sananne ne a wurin masana: a ji daga baki fiye da ɗaya, a ji daga Bakabe da Bafulatani da Bazabarme, maza da mata, a rubuta sunan mai magana da rana da wuri tare da izininsa, sannan a gwada da abin da ke cikin takarda.

Kayan aikin ba su wuce wayar hannu ba. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna yaye ɗalibai da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa kowace shekara. Abin da ya rage shi ne wurin da zai karɓi muryoyin, ya jera su, ya buɗe su ga jama'a, da kasafin da zai riƙe shi, kuma wannan tambaya ce da ta dace a yi wa 'yan Majalisar Dokokin Jiha. Wanda yake saurayi lokacin da aka rufe ruwa a Bakalori, yau ya haura sittin. Wanda ya ga ziyarar 1934 da wayonsa kuwa, in yana raye, yana dab da cika ɗari.