Adjastar Taimin Bel: Me Ya Sa Ɗaurewa Da Yawa Ke Kashe Inji?

A injin mota akwai shaf biyu da dole su yi tafiya tare. Kiranshaf yana ƙasa, fistin ne ke juya shi. Kamshaf yana sama, shi ke buɗe bawul ya rufe. Duk juyi 2 na kiranshaf, kamshaf juyi 1 yake yi. Taimin bel, wato bel ɗin roba mai haƙora, shi ke riƙe wannan lissafi. Ita kuwa adjasta ƙaramar gargare ce mai boris da ke danna bel ɗin don kada ya saki.

To me ke faruwa idan ta samu matsala? In bel ya yi sako-sako, za ka ji yana kaɗawa cikin murfinsa, kuma yana iya tsallake haƙori. Haƙori ɗaya kacal ya isa mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa rawa a silo. In ya tsallake da yawa ko ya tsinke, a injina irin na Peugeot 406 fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Daga nan sai sauke kan inji.

Wannan tsoron ne ke sa wasu su ɗaure bel tamau, wai don a huta. Kuskure ne. Inji in ya yi zafi ƙarfensa na buɗewa, bel ya ƙara ɗaurewa. Nauyin sai ya koma kan boris ɗin adjasta da na famfon ruwa, idan bel ɗin ne ke juya shi. Alamar ita ce kuka siriri da ke ƙaruwa idan ka taka totur.

Ga yadda ake saiti. A bar inji ya huce. A juya kiranshaf da hannu har makin taimin na sama da na ƙasa su hau daidai. A sassauta notin adjasta, a saita, a ɗaure. Mai sifirin tana da ɗan tsinke da ake daidaitawa da tsagarsa. Mai mai a ciki kuma matse ta ake yi a hankali, a sa fil, sai an gama ɗaurawa a zare. A tsofaffin injinan Golf masu bawul 8, ana murɗa bel da yatsu biyu a gefensa mafi tsawo: in ya kai digiri 90 da ƙyar, ya yi.

Sai matakin da aka fi tsallakewa: a juya inji zagaye 2 cikakku da hannu, ta inda yake juyawa, a sake duba maki da tsinken. Tsofaffin injinan Honda ta hagu suke juyawa, a kula. In ka ji ya cije, tsaya, kar a yi sitata.

Idan adjasta na gurnani, ko tana girgiɗi, ko tana yoyon mai, saiti ba zai yi mata magani ba, canji ne. Wanda ya sayi tokumbo bai san tarihin bel ɗinta ba, gara ya canza bel da adjasta tare tun da wuri.