Tsimi da Tanadi da Sha'awar Tsohuwar Mota

Yau hirar tamu a kan mota ce. Na san wata za ta ce, mu da ke cikin gida, ina ruwanmu da mota? To, 'yar'uwa, da ruwanki, domin duk abin da ya taɓa aljihun maigida, tukunyarki yake fara taɓawa.

Akwai mazan da Allah Ya ɗora wa son tsohuwar mota irin ta da. Wani Marsandi ce a ransa, wani kuma 'yar ƙaramar Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru. Amma wadda ta fi shiga ran mutanenmu ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. Daga 1975 aka shiga haɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri a Kaduna, ita kuwa 504 aka ci gaba da haɗa ta a nan har bayan shekarar 2000, alhali can Faransa tuni an daina. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati a da, ita ce ta kai amare, ita ce tasi daga Kano zuwa Kaduna. Saboda haka in kin ji malam yana zancenta, kada ki ɗauka shirme ne. Wataƙila mahaifinsa yake tunawa.

Sha'awa dai ba laifi ba ce. Abin da nake so mu gane shi ne, kuɗin tsohuwar mota ba a ranar ciniki yake ƙarewa ba, a ranar yake farawa. Ko ta ƙarshen da aka haɗa a Kaduna ta doshi shekara 20 yanzu. Roba tana bushewa, ƙarfe yana tsatsa, lagireto yana yoyo. Mafi yawansu da kafireta suke aiki, ba irin injin zamani mai auna mai da kansa ba, don haka sun fi shan fetur. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu. Ga kayan gyara: a tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani lokacin a samu na asali da tsada, wani lokacin sai jabu. Ga baƙin mai, ga taya, ga batir, ga sabunta takardu da inshora duk shekara. Sannan motar ba ta da jakar iskar nan da ke kare mutum idan an yi haɗari, wannan ma abin dubawa ne ga mai ɗaukar yara.

To, yaya za a yi a haɗa wannan buri da zaman tattali? Ga shawarwari huɗu.

Na farko, a jera buƙatu bisa girmansu. Abinci, kuɗin haya, makarantar yara, da ɗan abin da aka ajiye don rashin lafiya, su ne gaba. Mota tana bayansu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan da ake rage kuɗin cefane don a sayi fulogi, lissafinsa ya karkace.

Na biyu, a yi wa motar asusunta daban. Idan malam da gaske yake, ya shiga adashe ko ya riƙa ware wani abu duk wata daga rarar da ta saura. Kuma kada a saya ranar da kuɗin ya kai farashinta cif. A jira sai an tara har da na gyaran farko, domin da wuya tsohuwar mota ta shigo gida ba ta nemi bakanike ba. Bashi kuwa, a bar shi ga abin da zai kawo riba.

Na uku, a bambance tsohuwa mai daraja da akwala. Fenti yana ɓoye tsatsa kamar yadda hoda ke ɓoye tabo. Ki ba shi shawara ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi, ba na mai sayarwa ba, a leƙa ƙarƙashinta, a tayar da injin da safe kafin ya yi zafi, a gwada lambar jikinta da ta takarda. Araha ba ta ado.

Na huɗu, kuma wannan naki ne ke kaɗai: jarinki. Da yawanmu muna da 'yar sana'a a ɗaki, ƙuli-ƙuli ne, ɗinki ne, kiwon awaki ne, ko ɗan kunnen gwal da aka ajiye don ranar wuya. Wannan dukiyarki ce. In ya ce ki ara masa ya cika, kina da ikon cewa to, kina da ikon ba da haƙuri. In za ki bayar, kada ki taɓa uwar kuɗin, kuma a faɗi ranar biya a fili, ko a rubuta. Wannan ba rashin yarda ba ne, maganin ɓacin rai ne nan gaba. Akuya tana haihuwa, mota kuwa ci kawai take yi.

Yadda za ki faɗa ma yana da muhimmanci. Kada ki tare shi a bakin ƙofa da gori, ko ki yi masa dariya gaban yara ko abokiyar zama. Bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, “Malam, motar nan ni ma ina so in gan mu a ciki. Zo mu lissafa abin da za ta ci a wata, mu ga ko za mu iya.” Sau da yawa lissafin da kansa zai ba shi amsa. In ya nuna za a iya, madalla, a fara tari. In bai nuna ba, a ɗaga zuwa baɗi, sannu ba ta hana zuwa.

A nan za mu dakata. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ƙara wa mazajenmu buɗi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.