Injin ban-ruwan Baba da numfashin da ya ɓata

Kuɗin makarantata daga albasa suke fitowa. Baba yana da gona a fadamar Kwalkwalawa, gefen gulbin Rima, kuma abin da ke ɗaga ruwa zuwa fangalolin wani tsohon injin fetur ne ɗan China, irin wanda aka kwaikwayo daga Honda GX160. A watan Janairu, daidai lokacin da albasa ta fara yin kai, injin ya soma gardama. Sai an ja igiya sau goma kafin ya tashi, hayaƙi shuɗi yana bin salansa, ruwan da ke fita bakin tiyo kuwa kamar na buta. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da ka karatun inji, mi ad damuwa tai? In ba ya gyaruwa, ka hwaɗa min in nemi bashi." Kalmar bashin nan ce ta sa na zage.

Abin da na fara lura da shi shi ne igiyar ta yi laushi. Lafiyayyen inji yana yi wa hannu turjiya idan ana ja, saboda fistin yana matse iska a cikin silinda. Wannan matsi shi bakanike ke kira kwamfureshin. Tsarin bugu huɗu da Nikolaus Otto ya fito da shi a Jamus a 1876 har yau shi ne: inji ya shaƙi iska da mai, ya matse, fulogi ya kunna wuta, sannan ya fitar da hayaƙi. A irin injinmu fistin yana share cc 163, ya cusa duka cikin ɗan sarari da bai fi cc 20 ba. Ku yi lissafin, za ku samu kusan 9 bisa 1. Idan inji yana juyi 3,600 a minti, sau 1,800 ke nan yake wannan matsin. To idan akwai kafar da iskar ke sulalewa, wutar za ta kama amma ba ta da ƙarfin tura fistin yadda ya kamata. Mai ya ƙone, aiki bai yi ba. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ba ƙarama ba ce ga manomi.

Wurare uku iskar ke bi ta gudu: ta gefen ringin fistin, ta bakin bawul, ko ta gaskit ɗin kan inji. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne kwance inji gaba ɗaya kafin a san wanne ne. Ni ma saura kaɗan. Wani dattijon bakanike a unguwarmu ne ya riƙe mini hannu, ya ce, "Yaro, hara da abin da ba ya cin kuɗi."

Abin da ba ya cin kuɗi shi ne tazarar bawul. Idan ta matse, bawul ba zai zauna daram ba, sai iska ta riƙa zurarewa. Ana aunawa da filla-geji inji yana sanyi: milimita 0.15 a na shaƙa, 0.20 a na fitarwa. Na daidaita, an ɗan samu sauƙi, amma hayaƙin yana nan. Daga nan na aro ma'aunin matsi, na cire fulogi, na ɗaura shi, na buɗe totur da cok, na ja igiya. Sai na zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ta ramin fulogi na sake ja. Allura ta haura sosai. Ma'anar a fili take: man ya toshe giɓin da ke tsakanin ringi da bangon silinda na ɗan lokaci. Da laifin na bawul ne ko gaskit kaɗai, allurar ba za ta motsa da yawa ba. Wani abu da za ku kiyaye, irin waɗannan injuna suna da wata 'yar dabara a jikin kamshaf da ke ɗaga bawul kaɗan lokacin tayarwa don igiya ta yi sauƙin ja. Saboda haka lambar farko tana iya fitowa ƙasa ko da inji lafiya lau yake. Bambancin awon busasshe da na mai shi ne abin dubawa.

Da muka buɗe, na zura tsohon ringi cikin silinda na auna bakinsa. Sabo yana tsakanin milimita 0.2 da 0.4, iyakar da ake yarda da ita 1.0. Namu ya wuce iyaka, har kana hango haske ta giɓin. Silindar kuwa faɗinta na asali milimita 68 ne, kuma ba ta ci sosai ba, don haka ba mu kai ta a rarake a sa fistin mai ƙarin 0.25 ko 0.50 ba. Goge ta kawai aka yi don a kashe sheƙin da ya hau bangon, domin sabon ringi ba ya zama a kan bango mai santsi kamar madubi. Wajen sawa, gefen ringi mai alama sama yake kallo, kuma ba a jera bakunansu a layi ɗaya, rarraba su ake yi. Bawul ɗin fitarwa ma na yi masa garandin da man niƙa, na gwada da kananzir har ya daina tsiyaya. Gaskit sabo, don tsoho ba ya komawa.

Me ya cinye ringin? Da na buɗe gidan iyakilina, babu soso a ciki. Ashe ya ruɓe tun bara, ƙanena ya jefar. Wato duk ƙurar hunturun Sakkwato injin yake ta shaƙa kai tsaye, ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa. Ga baƙin man kuma ba a juyewa, ƙari kawai ake yi. Ƙa'ida ita ce a juye bayan kowace awa 100 ta aiki, kuma cikinsa duka bai kai lita ɗaya ba, kusan 0.6 ne. Masu ba da shawarar a zuba mai mai kauri don hayaƙi ya ragu, ni ban yarda da su ba. Ɓoye ciwon suke yi, ringi kuma yana ci gaba da ci.

Bayan haɗawa ban ɗora masa cikakken aiki nan take ba. Na bar shi yana jan ruwa a matsakaicin gudu, na juye mai bayan awa 20, ya fito da ɗan ƙyalli na garin ƙarfe, kamar yadda aka sa rai. Yanzu ja biyu yake tashi, igiyar tana fizgar hannu, ruwa yana kaiwa fangalin ƙarshe da ke kusa da hanya. Baba bai ci bashi ba, kuma an cire albasa a watan Maris. Soson iyakilina guda biyu na saya, ɗaya yana jikin inji, ɗayan yana cikin leda a aljihun rigar gonar Baba.