Yadda Ake Mayar da Tsofaffin Bas-bas na Kaya Motocin Gudu da Ado

Hot rod shi ne sunan da Amurkawa ke kiran tsohuwar motar da aka sake wa gini domin ta yi gudun da kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa nufa ba. Akan cire mata injinta na asali a sa mata wanda ya fi shi ƙarfi, a rage mata nauyi, a sauke ta ta kusanci ƙasa, sannan a yi mata fenti mai ɗaukar ido. Ƙananan motocin shiga aka fi yi wa wannan aiki. Amma akwai reshen sana'ar da ya karkata ga ƙananan bas-bas na ɗaukar kaya, irin waɗanda masu gidan burodi, masu gyaran famfo da kamfanonin tarho suka yi shekara da shekaru suna aiki da su. Aikin waɗannan ya fi wuya, domin don dako aka ƙera su. Ɗora musu babban inji shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen shirya sauran jikin motar ta yadda zai iya ɗaukar ƙarfin da aka ba shi.

Asalin al'adar

Al'adar ta tsiro ne a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye. Matasan da ba su da kuɗin sabuwar mota sukan sayi tsofaffin Ford samfurin Model T da Model A da araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, inda ƙasa take shimfiɗe babu rami babu tudu, su gwada gudu. A 1932 Ford ya fito da inji mai silinda takwas da talaka zai iya saye, wanda ake kira V8 saboda silindojin jere suke layi biyu a karkace. Wannan inji ya zama ginshiƙin sana'ar har tsawon shekara ashirin.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da tseren, amma sojojin da suka dawo gida sun zo da ƙwarewar walda da gyaran injuna. A 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a Los Angeles, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe tseren daga titunan gari zuwa filaye na musamman, inda motoci biyu ke karawa a tazarar kwatan mil, kimanin mita 402. Tun a wancan lokaci akwai masu amfani da motocin kai saƙon kaya, masu gaba irin na motar shiga da rufaffen baya marar taga, saboda arha da kuma faffaɗan gefen da ke karɓar rubutu da zane.

Samfuran da ake nema

Bas mai siffar akwati ta shahara ne da Volkswagen Type 2, wadda Jamus ta fito da ita a 1950. Injinta yana baya, iska ce ke sanyaya shi, ƙarfinsa kuma na doki 25 ne ko kusa da haka. Karɓuwar da ta samu a Amurka ta sa kamfanonin motocin Amurka da ke Detroit suka tashi tsaye. Ford Econoline da Chevrolet Corvair mai siffar bas sun fito a 1961, sai Dodge A100 da Chevy Van a 1964. A wannan shekarar ta 1964 ce gwamnatin Lyndon Johnson ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya na waje, a matsayin ramuwa kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Wannan ya kusa rufe wa bas-bas na kaya na Volkswagen kasuwar, ya bar fili ga na gida.

Econoline da A100 na farko su ne suka fi farin jini a wurin masu wannan sana'a. Ba su da hanci. Direba yana zaune ne a saman tayoyin gaba, inji kuma yana cikin wani akwati tsakanin kujerun gaba biyu. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 90 ce kawai, wato mita biyu da ɗan kai. Injin Econoline na farko mai silinda shida ne, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Nauyi ya taru a gaba har sai da Ford ya ɗaura wani dunƙulen ƙarfe mai kusan kilo 75 a bayan motar don kada bayanta ya riƙa ɗagawa idan an taka birki.

Wadda ta fara nuna abin da irin wannan jiki zai iya yi ita ce Little Red Wagon, wata A100 mai buɗaɗɗen baya da aka sa wa injin Hemi mai lita bakwai a bayan mazaunin direba. Daga 1965 Bill Golden ya riƙa zagaya filayen tsere da ita, tana gudu a kan tayoyin baya kawai, gabanta a sama.

Zamanin ado na shekarun 1970

Da shekarun 1970 suka kama, tsadar inshora da sababbin dokokin hayaƙi sun durƙusar da motocin gudu na kamfani. Matasa da yawa suka koma ga bas-bas, waɗanda a lokacin an sake musu fasali, an tura injin gaba an ba su ɗan gajeren hanci. Suka mayar da cikinsu ɗaki, da darduma mai dogon gashi, bangon katako, gado, rediyon magana da na'urar kiɗa. A waje kuma aka huda ƙananan tagogi masu siffar da'ira ko ɗigon ruwa, aka fito da salansa ta gefe, aka zana hotunan hamada, teku da taurari. An yi babban taron masu irin waɗannan motoci na ƙasa baki ɗaya karo na farko a jihar Colorado a 1973. Kamfanoni ma sun bi sahu: Dodge ya fito da Street Van a 1976, Ford kuma da Cruising Van. Tsadar fetur ta 1979, da fitowar ƙananan bas-bas na iyali na Chrysler a 1983, su suka kashe kasuwar. Da yawa daga cikin motocin sun ƙare a wurin masu sayen tsohon ƙarfe, shi ya sa waɗanda suka tsira suke da daraja a yau.

Zaɓen mota da yaƙi da tsatsa

Kafin a taɓa ƙusa ɗaya, sai mai mota ya yanke shawarar inda ya dosa. Wani yana so a maido da ita daidai yadda ta fito daga kamfani. Wani yana so a bar siffarta ta da, a zuba mata kayan zamani a ciki. Wani kuma gudu da ado yake nema, ba ruwansa da asali. Sauya ra'ayi a tsakiyar aiki shi ne abin da ya fi cin kuɗi, kuma shi ke barin motoci a kwance a gareji.

Babban abokin gabar tsohuwar bas tsatsa ce. A jihohin arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma yana cinye ƙarfe, don haka masu saye suka fi neman motocin busassun jihohi irin su Arizona. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa yake bin duk wata gaɓa da ta buɗe: magudanar gefen rufi, ƙasan gilashin gaba, matakin ƙofa, bakin taya da daɓen ciki. Lamarin ya fi tsanani ga Econoline da A100 na farko domin ba su da shasi daban, jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyin motar. Daɓen da ya ruɓe a irin wannan mota rauni ne a ƙashin bayanta.

Akan kwance motar kaf, a lakafta kowane ɓangare, a kankare fenti har a kai ga farin ƙarfe. Fesa yashi da ƙarfi yana lanƙwasa faffaɗan gefen bas, saboda haka ƙwararru kan yi amfani da abu mai laushi ko sinadari a irin waɗannan wurare. Duk inda ya ruɓe sai a yanke a dasa sabon kwano. Mai walda yakan yi ɗigo a nan, ya tsallaka ya yi wani a can, ya jira ƙarfen ya huce, domin zafi yana murɗe siririn kwano. Cike rami da foti kuwa yaudarar kai ce, don tsatsar za ta ci gaba da ci daga ƙasa.

Inji da giya

Injunan da aka fi ɗorawa su ne ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, musamman mai lita 5.7, da Ford 302 mai lita biyar, da dangin LS da kamfanin General Motors ya fara ƙerawa a 1997, masu kwamfuta da ke auna fetur. Masu Volkswagen kan ɗauko injin Subaru, domin shi ma kwance yake kamar na asali, sai dai dole a nema wa lagireto wuri.

Akwatin injin da ke tsakanin kujeru an auna shi ne da siririn inji mai silinda shida, saboda haka sau da yawa sai an faɗaɗa shi. Zafi ma matsala ce babba: iska ba ta isa ga lagireto yadda ya kamata, zafin kuma yana shiga ɗakin direba kai tsaye. Maganinsa babban lagireto, fanka mai lantarki da kayan tare zafi a jikin akwatin. Wasu kan ja injin baya zuwa tsakiyar mota domin nauyi ya rarrabu. Sabon inji kuma yana jawo sabon giyabos, da farfela da aka yanka daidai tsayi, da aksul na baya mai ƙwari. Aksul na Ford mai inci tara, wanda ya fara fitowa a 1957, shi ne aka fi yarda da shi.

Birki, sitiyari da ƙafafu

A nan ake gane gwani. Idan gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi kafin mota ta tsaya yana ninka huɗu. Tsofaffin bas-bas suna da birki mai ganga a ƙafafu huɗu, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan ya ɗau zafi, na farkon shekarun 1960 kuma layin man birki ɗaya gare su, in ya fashe an rasa birki gaba ɗaya. Don haka akan sa birki mai faifai, aƙalla a gaba, a kuma raba layin mai gida biyu.

Bas doguwa ce a tsaye, ga gajeriyar tazarar tayoyi, saboda haka tana tangaɗi a kwana. Sauke ta ƙasa ba ado kaɗai ba ne, yana rage haɗarin kifewa. Wasu kan bar miƙaƙƙen aksul na gaba su gyara sifirin da shokozoba, wasu su musanya shi da tsarin da kowace taya ke motsi ita kaɗai, irin na Ford Mustang II. Akwai masu sa jakunkunan iska da ke ɗaga mota ko sauke ta da danna maɓalli. Wayoyin lantarki da tiyon fetur da suka shekara hamsin ko sittin ana zubar da su gaba ɗaya, domin su ne tushen gobara. Ana kuma ƙara bel mai ƙwari, tunda a motar da ba ta da hanci, siririn kwano ne kawai tsakanin ƙafafun direba da abin da zai yi karo da shi.

Fenti da ɗakin ciki

Gefen bas ba ya ɓoye aibi. Kowane ɗan lotsawa yana bayyana idan haske ya faɗa masa, don haka gogewa da daidaitawa sun fi fesa fentin cin lokaci. Salon da aka gada ya haɗa da fenti mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, da launi mai shara-shara da ake fesawa hawa-hawa, da harsunan wuta, da siraran layuka na hannu waɗanda Kenny Howard, wanda aka fi sani da Von Dutch, ya shahara da su a shekarun 1950. Akwai kuma masu barin tsohon fentin da ya koɗe tare da sunan shagon da ya fara mallakar motar, domin suna ganin tarihinta ne. Fentin zamani yana da sinadarin da ke lahanta huhu, tsohon kuma kan ƙunshi dalma, saboda haka ba a aikin sai da abin rufe hanci na musamman.

Doka da yaɗuwar sana'ar

Kowace ƙasa da tata ƙa'idar. A Kalifoniya motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi, abin da ya ƙara wa tsofaffin bas-bas farashi. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 tana iya samun sassauci daga gwajin shekara-shekara, amma ban da wadda aka yi wa babban sauyi. A Jamus sai masu binciken lafiyar mota sun amince da kowane muhimmin sauyi an rubuta shi a takarda.

Sana'ar ta daɗe da ƙetare Amurka. A Birtaniya Ford Transit, wadda ta fito a 1965, da Bedford CF su ne kan gaba, kuma a 1971 Ford da kansa ya sa aka ɗora jikin Transit a kan shasin motar tsere ya kira ta Supervan. A Ostireliya, Holden Sandman ta 1974 ta zama motar matasa masu zuwa bakin teku. A 'yan shekarun nan an samu masu cire injin fetur su sa na lantarki, su shimfiɗa batura a ƙarƙashin daɓe, wanda ke sauke nauyi ƙasa. Su ma dai sai sun bi matakan da aka saba: jiki marar tsatsa, birkin da ya dace da sabon ƙarfi, da takardun da doka ta amince da su.