Yadda Mutanen Ingila Ke Kula Da Ciyawar Gida Lokacin Fari

A ƙasar Ingila, gidaje da yawa suna da ɗan fili a gaba ko a baya wanda ake shuka wa ciyawa. Ba don dabbobi ake shuka ta ba. Wurin wasan yara ne da hutun manya, kuma tana hana ƙura da taɓo. Ana aske ta da inji a kai a kai. Wani mutumin ƙasar mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro injin a shekarar 1830.

Jama'a da dama sun ɗauka kullum ruwa ake yi a Ingila. Ba haka ba ne. Ruwan da birnin Landan ke samu a shekara kimanin milimita 600 ne, wato wajen rabin na Jos. Sanyin ƙasar ne ke sa damshi ya daɗe. In aka yi 'yan makonni ana rana ba ruwa, sai fari ya shigo. An ga haka a 1976, har gwamnati ta naɗa Denis Howell ministan kula da fari. An sake gani a 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 karo na farko a tarihin ƙasar.

Idan fari ya yi tsanani, kamfanonin ruwa sukan hana ban ruwa da tiyo. Wanda ya karya dokar ana iya cin sa tara har fam 1,000. Dalili kuwa shi ne, na'urar fesa wa ciyawa ruwa tana iya shanye lita 1,000 cikin awa ɗaya. Wannan daidai yake da jarka 40 masu lita 25, kuma daga ruwan shan jama'a ake ɗiba.

To, yaya mai gida zai yi da ciyawarsa?

Abu na farko shi ne ya san halinta. Ciyawar ƙasar sanyi ta fi girma daga Maris zuwa Mayu, sai kuma Satumba da Oktoba. In zafi da fari suka haɗu, sai ta daina girma, ganyenta ya bushe ya koma kamar tattaka. Amma gindinta da saiwarta suna nan da rai. Barci take yi, kuma tana iya jure makonni a haka. Da ruwa ya dawo sai ta farfaɗo. Manomi ya san irin wannan a wajen ƙiri-ƙiri, wadda kan bushe da rani, ta yi tsanwa shar da saukar damina.

Na biyu, aski. Ba a yi mata ƙwal-kwabo. Ana ɗaga bakin inji a bar mata tsawo kamar santimita 5, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a aski guda. Doguwar ciyawa tana yi wa ƙasa inuwa, kuma saiwarta ta fi nutsewa. Ɗan abin da aka aske a bar shi a wurin ya rufe ƙasa. In ta daina girma, sai a ajiye injin.

Na uku, ban ruwa. Yayyafi kullum ɓarna ne, domin saiwa takan tsaya a sama tana jira, rana ta ƙone ta. Gara a ba ta ta ƙoshi sau ɗaya a mako, da sassafe ko da yamma. Sabuwar ciyawa da ba ta kama ƙasa ba ita ce ta fi bukata. Masu dabara sukan ajiye duro a ƙarƙashin indararo su tari ruwan sama, wasu kuma su yi amfani da ruwan wanka.

Na huɗu, kada a zuba takin zamani a busasshiyar ciyawa, domin zai ƙone ta. A kuma rage tattake ta har sai ta warke.

Babban aikin sai ruwa ya dawo, wajen watan Satumba. A lokacin ake kwashe matacciyar ciyawa da manjagara. Sai a bi filin da shebur mai yatsu ana huda ƙasa, don ruwa da iska su ratsa. Inda ya yi sanƙo a watsa sabon iri, a zaɓi mai siririn ganye wanda ke jure ƙishi. Wannan aiki shi ke ceton ciyawa a farin baɗi. Da ma an ce da sanyin safiya ake kama fara.

Irin ciyawar ya bambanta da na ƙasar Hausa, amma dabarar ɗaya ce ga mai kula da filin makaranta ko na asibiti. A bar wa ciyawa tsawo, a sassauta mata ƙasa, a yi haƙuri da ita in ta bushe. Ruwan sha kuwa a bar wa mutane da dabbobi, domin ciyawa tana iya jiran damina, su ba za su iya ba.