Kwana Ɗaya a Bakin Tabki da Iyali

A ƙasar Adar, in ka ga mota cike da mata da yara da tabarmi da kulolin abinci, ba sai ka tambaya ba. Ko biki za su, ko suna, ko gaisuwar rasuwa. Fita don a huta kawai ba ta cikin abin da muka taso da shi, har wani dattijon kan ce aikin marar aikin yi ne. Ni ban ga aibunta ba. Abokan fada da suka shekara goma suna shan shayi a ƙofar gida ɗaya, matansu ba su san juna ba, 'ya'yansu ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba, in suka haɗa kuɗi suka kwashi iyalinsu ranar Asabar zuwa bakin ruwa, zumunci suka yi, kuma zumunta a ƙafa take.

Mutumin Badagishiri bai rasa wurin zuwa ba. In ya bi kwalta zuwa Tawa, ya ƙara kusan kilomita 50 a kan hanyar Agadas, ga tabkin Tabalak shimfiɗe a gefen hanya. In ya yi yamma ta Illela, akwai tabkin Ɗan Dutsi, wanda a da ƙaramin ruwa ne mai ƙafewa da rani, kewaye da gonakin hatsi da dawa, sai ruwan sama mai yawa na shekarar 1974 ya cika kwarin, ya zauna. Waɗannan biyun duka an sa su a 2005 cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Ta kudu kuma, wajen Birnin Ƙonni, ga madatsun Mozage da Zango a kan kwarin Magiya, waɗanda ke shayar da fadamar noman rani ta Ƙonni mai faɗin hekta sama da 2,000.

Sai dai kada wanda ya ga hotunan otal-otal na bakin ruwa a wayarsa ya tafi da wannan tsammani. A Kano ne gwamnatin Audu Baƙo ta gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka kuma yi wani a Tiga, kuma na Bagaudan ma daga baya an mai da shi makarantar horar da lauyoyi. Tabkunanmu ba don mai yawon shan iska suke ba. Wurin neman abincin mutane ne. Wancan koren da ka hango daga mota ka ce nan za a shimfiɗa tabarma, garkar albasar wani ce, ko wakensa da ya shuka yana bin ruwa yayin da yake janyewa. Wancan fili mai laushi da ya gangara cikin ruwa mashayar dabbobi ce, da la'asar garken shanu zai sauko, ba ya kuwa kauce wa kowa. Igiyar da yaro zai gani tana reto ya ja, ƙila mamarin masunci ce da ɗaruruwan ƙugiyoyi a jikinta.

Saboda haka aikin farko in an sauka shi ne sallama. A tura mutum biyu wurin mai gari ko sarkin ruwa, da ɗan goro, a ce mu baƙi ne daga wuri kaza, mun zo da iyali, ina ya dace mu zauna? Minti goma ne, amma shi ne zai nuna muku inuwar da ba ta shiga gonar kowa ba, da inda ƙasa take da tauri, da inda ba a shiga. In za a kwana, shi ne zai nemo muku masauki, ko a koma Tawa a kwana da yara. Tafiyar dare dai a bar ta, kuma tun kafin a tashi a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa na nan da yawa, rana ba ta da zafi, sauro ya ragu, tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai sun sauka. A ɗauki barguna, don sanyin bakin ruwa da asuba ba ya wasa.

Kuɗi kuwa a tara su hannun mutum ɗaya tun da mako guda, a rubuta. Gidan da ke da yara shida da wanda ke da ɗaya ba za su biya daidai ba, a faɗi wannan a fili tun a gida, kada a je bakin tabki ana zumɓure-zumɓure. Kuma in mata ne za su wuni a gindin murhu, maza na kishingiɗe suna jiran shayi na uku, to matan ba hutu suka zo ba, madafi kawai aka sauya musu. A yi dambu da soyayyen nama daga gida, a sayi tarwaɗa ko karfasa hannun masunta, maza su gasa. Sayen nan ma wata gaisuwa ce ga masu wurin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami: ruwan kansa. Yaronmu na tudu bai san ruwa ba, iyakarsa kududdufin bayan gari da damina. Tabki kuwa ƙasansa ba ɗaya ba ne. Akwai laka mai riƙe ƙafa, akwai ramukan da aka haƙa da rani don yin tubali, da rijiyoyin garka da ruwa ya rufe, yaro na tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ya ɓace. Mai nutsewa kuma ba ya ihu kamar yadda ake zato, bakinsa na neman numfashi ne, shiru abin yake faruwa. Inda manya ashirin suke zaune kowa na ganin wani na duba yara, a nan aka fi yin asara. A naɗa mutum ɗaya da sunansa, ya ajiye waya, idonsa a kan yara, bayan wani lokaci wani ya canje shi. A ajiye doguwar igiya da jarka marar komai mai murfi a kusa. In wani ya faɗa, jarkar za a jefa masa a jawo shi, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi don tausayi.

Kwalekwale ma haka. A ƙarshen Nuwamban 2021 wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi, kuma lodi ya wuce kima. In mai jirgi ya ce mutum biyar yake ɗauka, kada a roƙe shi ya ƙara na shida don yaro na kuka.

Akwai kuma cutar da ba a gani sai an dawo gida da makonni, wato tsargiya. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar kan ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon-koɗi, su hayayyafa, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba, wanka ko tsoma ƙafa ya isa, kuma da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da yara ke son shiga. A wasu garuruwa har yau ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, yana kuma taɓa mata ta wajen haihuwa. Maganinsa praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. Duk wanda ya shiga tabki ya ga jini ko ya ji zafin fitsari daga baya, ya je asibiti ya faɗi inda ya shiga. Ruwan sha da na alwala a zo da su daga gida.

Kafin a hau mota a sa yara su tsince ledoji da robobi a zuba a buhu a tafi da su, don akuyar da ta haɗiyi leda ta wani talaka ce. A kashe wuta da ƙasa, a koma wurin mai gari a yi masa ban kwana. Jama'ar Badagishiri da Illela da Malbaza da Ƙonni, ku fita da iyalinku ku ga ruwan ƙasarku, amma ku ƙirga yaranku kafin a tashi daga gida, ku sake ƙirga su kafin direba ya tada mota.