Fasahar bulokcen da haƙƙin mawaƙa: Abin da za ta gyara da abin da ya fi ƙarfinta

A Rimin Gado, kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, mai son sabuwar waƙa ba ya buƙatar data. Shagon mai cajin waya zai je, ya miƙa memori, a cika masa shi kan 'yan kuɗi kaɗan, abokansa kuma su kwashe ta Xender. Waƙar za ta zaga gidajen biki da gonaki, amma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya rera ta, balle makaɗi da 'yan amshi.

A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano kan sayi aiki su buga su rarraba, mawaƙi ya samu wani abu duk da satar fasaha. Wayar hannu ta rusa wannan tsari. Yau yawancin mawaƙan Hausa sun dogara ne da bukukuwa da waƙoƙin siyasa da YouTube. Wannan giɓi tsakanin mawaƙi da haƙƙinsa ne wasu sabbin kamfanoni a duniya ke cewa bulokcen zai cike.

Yadda take aiki

Bulokcen kundi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, don haka mutum ɗaya ba ya iya goge abin da aka rubuta. Ana iya ɗora masa yarjejeniya mai zartar da kanta: a rubuta kason marubuci da na makaɗi da na mai sitidiyo, da zarar kuɗi sun shigo sai su rabu nan take, ba tare da dillali ba.

A 2015 mawaƙiyar Ingila Imogen Heap ta gwada hakan da waƙarta Tiny Human tare da kamfanin Ujo Music, a kan Ethereum. Audius, wanda aka kafa a 2018, yana ba mawaƙa damar ɗora waƙoƙinsu kai tsaye. A Janairun 2022 mawaƙin Amurka Nas ya sayar wa masoyansa wani kaso na kuɗin da waƙoƙinsa biyu za su riƙa kawowa, ta hannun kamfanin Royal.

Matsayin doka a Najeriya

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kuɗin kirifto, ya kuma janye hanin a Disambar 2023. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, gwamnatin tarayya ta kuma amince da manufar ƙasa kan bulokcen. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar SEC.

Inda gizo ke saƙar

Kundin yana raba kuɗin da aka biya ne kawai, ba ya hana kwafi. Waƙar da ta bi ta memori a Rimin Gado ba ta taɓa intanet ba, don haka kundin bai san da ita ba. Ko gwajin Heap, cinikin da ya kawo bai kai dala 200 ba, domin masu saye sun sha wahalar biya da kirifto.

Haka nan kundin ba ya tantance gaskiya. Idan wani ya yi rajistar waƙar Mamman Shata da sunansa, ƙaryar ce za ta zauna daram, sai kotu ko Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta warware. A Yulin 2022 kuma masu kutse sun wawashe asusun Audius.

Abin da mawaƙin Kano zai ɗauka tun yanzu shi ne tushen dabarar: a rubuta kason kowa, a sa hannu, kafin waƙa ta bar sitidiyo. Shigo da mai cajin waya cikin tsarin biya kuwa aiki ne na ƙungiyoyin mawaƙa da hukuma, ba na kwamfuta ba.